Sunan da Ke Jikin Kwalba

Dakoro, 14 ga Oktoba

Zuwa ga ɗiyata Ramla, a Yamai.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikinki da mutanen gidan da kike zaune. Mu nan da sauƙi. Yara lafiya lau, sai Hamdiya da zazzaɓin ƙarshen damina ya kwantar kwana uku, yanzu ta tashi har tana faɗa da kaji. Na ga ta'aziyyarki, Allah ya ba da lada. Ban amsa ba ne don a kwanakin nan ko kirana aka yi sai an maimaita.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. A littafin lakwal, wato makaranta, na babbar 'yata nake rubutawa, in ɗauki hoto in aiko miki. Gidan cike yake da dangin mai gidana, marigayi Malam, katangarmu kuma ba ta riƙe magana. In na yi miki saƙon murya da hantsi, kafin azahar an ji shi a kasuwar dabbobi.

Yau kwanana ashirin da huɗu cikin takaba, saura wata uku da rabi kafin in taka ƙofar gida. Kin san man aduwar da muke yi. Ni ke jiƙa aduwar, in fasa ƙwallon, in soya, in daka, in matse. Malam shi ke zuba kwalabe a bayan babur ya kai Kornaka, ko ya sa a mota zuwa Maraɗi da Tawa da Agadas, har nan wajenku. Duk masu sayen a wayarsa suke, wayar kuma ta tafi tare da shi a hanyar Kornaka. Waɗanda suka ɗauko shi ba su ga ko murfinta ba. Layin ma da sunan wani abokinsa aka yanke shi tun da daɗewa, mutumin yana Libiya. Yanzu ga bido shida, manyan jarkoki, cike da mai a ɗakina, ni da su muna kallon juna.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wannan. Yazidu, ƙanin Malam, ya ce in na fita takaba in koma gidan mahaifina a Bader Gula, yaran su zauna wurinsa, don mace ba ta riƙe gida da hannu wofi. Ba mugun mutum ba ne, haka ya taso ya ga ana yi. Baba Abdulganiyu, baffansu, wanda maganarsa ce ta ƙarshe, ya ce in sana'ar tana ci da gidan in zauna da ɗiyana, in ta bi mai ita to sai yadda Yazidu ya ce.

An ce aikinki ke nan, sa mutane su gano shago ta cikin waya. Kakarki da uwata ɗiyan wa da ƙani ne, kuma ni na goya ki ranar wani bikin dangi har kika jiƙa mini zane, saboda haka ba roƙo nake ba. Ki sa a gano ni.

Innarki,
Hafsatu

*

Yamai, 19 ga Oktoba

Inna Hafsatu,

Na gaishe ki da haƙuri. Ina lafiya, sai zafi da aiki. Ki shafa mini kan Hamdiya, ki ce wa babbar taki, Aisa, na ji ana cinye mata littafi, zan aiko da wani. Batun zane kuwa, shekara ashirin da uku ke nan, ya ci a ce ya bushe.

Abin da kike so ana yinsa, amma ki bar ni in gaya miki yadda yake tafiya don kada ki zaci asiri ne. Gugul kamar ɗan kamasho yake a tasha. Mutum ya zo ya ce Kornaka za shi, sai ya nuna masa motar da ke kiran Kornaka. Motar da ta fi kowace lafiya, in ba ta kiran garin da mutumin ya faɗa, haka za ta yini babu fasinja. Aikina duka shi ne in gano kalmar da masu nemanki suke bugawa, in sa ta a goshin shafinki, in haɗa da sunan gari da lambar waya, su zama iri ɗaya a duk inda aka sa su. Sai in kafa gidanki a taswira. Sai hotuna na gaske, marasa nauyi, waɗanda za su buɗe ko rezo, wato sabis ɗin waya, ba shi da ƙarfi. Daga baya mu roƙi waɗanda suka taɓa saye su rubuta abin da suka gani, don ɗan kamashon nan yana jin maganar fasinja fiye da ta direba.

Na riga na leƙa. Wata abokiyar aikina tana da tsohuwar kwalbarku a jaka, tana tattalin ɗigon ƙarshe. A jikinta an rubuta "Man Aduwa Na'Allah, Dakoro" da lambar da ta mutu. A wani zauren mata na Fesbuk na ga mutum huɗu suna cigiya: wa ke da sabuwar lambar Na'Allah mai man aduwa? Ba su san ya rasu ba, Inna, sun ɗauka layi ya canza. Duk wanda kwalbarsa ta ƙare, abin da ke jikinta zai buga.

Saboda haka shafin zai ci sunan Baba Na'Allah, lambarki a ƙasa. Aisa ta ɗauko mini hoton kwalba a inuwa, da na aduwar kafin a fasa, da na turmin. Ba sai fuskarki ta fito ba, na san halin da kike ciki. Abin nan yana ɗaukar makonni kafin ya kama, mu fara yau.

Ɗiyarki,
Ramla

*

Dakoro, 27 ga Oktoba

Ramla,

Muna lafiya, da fatan ke ma haka. An gama girbi, gero ya yi dama-dama. Rezo ya ɗauke mana kwana huɗu, shi ya sa kika ji shiru.

Ke 'yar Yamai, a can an daina kunya ne? Na karanta takardarki na ga kin jera sunan mutumin har sau uku kamar mai kiran awaki. Shekarata goma sha tara a gidan nan, bakina bai taɓa furta shi ba. Ranar da na haifi babbar, malamar asibiti ta tambaye ni sunan uban yarinya za ta rubuta, sai da aka kira maƙwabciyata daga waje ta faɗa mata. Shi kansa yakan tsokane ni, ya ce in kira shi sau ɗaya ya saya mini tunkiya. Har ya koma ga Allah ban ci tunkiyar nan ba.

Yanzu kuma, ƙasar kabarinsa ba ta gama kwanciya ba, ina cikin takabarsa, sai in rataya sunansa a kasuwar duniya, lambata a ƙarƙashi, kowane ƙato ya kira ni da shi? Matan gidan nan me za su ce? Takardar jikin kwalba shi ya buga abinsa a Maraɗi, ni ko liƙawa ba na yi.

Ki sa "Man Hafsatu". Mai dai shi ne mai, wanda ya shafa zai gane. Ga hotuna nan, babbar ta ɗauka, ta ce in gaya miki turmin ya fi ni kyau a hoto. Ki rubuta cewa yana gyara fata da kaushin ƙafa, kuma tsofaffi suna shafawa a gwiwa.

Kada ki ja da ni a kan wannan.

Hafsatu

*

Yamai, 9 ga Disamba

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yi mura, ta wuce. Ki yafe mini jinkiri, an tura mu Doso aikin sati biyu.

Na yi yadda kika ce tun ranar da takardarki ta zo. Shafin ya yi kyau, wallahi ya fi na wasu manyan shaguna da na yi wa aiki. Na sa Dakoro a goshi, na sa man aduwa da Hausa da Faransanci, na kafa gidan a taswira, na rubuta yadda ake yin man daga fasa ƙwallo har tacewa. Batun gwiwa na ce tsofaffi suna shafawa, ban ce yana warkarwa ba, don ba mu da takardar likita.

Akwai wurin da nake ganin yawan waɗanda suka shiga da garin da suke. Cikin sati shida mutum goma sha ɗaya, bakwai daga ciki ni ce. In an buga man aduwa kawai, manyan kamfanoni na Dakar da Wagadugu ne suke cika fuskar farko, mu muna can shafi na biyar inda ba mai zuwa. Masu cigiya a zauren nan kuwa sun kai tara. Na ba su lambarki, biyu suka ce su na Na'Allah suke so, ba sa sayen na kwaikwayo.

Gaskiyar magana, Inna, sunanki ba wanda yake nemansa. Saura sati bakwai. Ki ba ni izini in canza.

Ramla

*

Yamai, 28 ga Disamba

Inna Hafsatu,

Lafiya kuwa? Na ga alamar kin buɗe takardata tun ranar da na aiko, yau kwana goma sha tara. Na kira sau biyar, Hamdiya ta ɗauka ta ce kina tacewa. Mutum ba ya tacewa kwana goma sha tara.

Na sake karanta abin da na rubuta, na ga inda ya yi kaifi. A wurin aiki haka muke magana, wannan kalma ana nemanta, waccan ba a nemanta, ba ruwanmu da mai kalmar. Na manta da wadda nake yi wa magana. In shi ne, ki yafe mini.

Lambobin sirrin shafin suna hannuna, da na so da na canza tun tuni ba ki sani ba. Ba zan yi ba sai kin ce. Amma kwanaki suna tafiya, kuma ni ma Aisa da Hamdiya ƙannena ne.

Ramla

*

Dakoro, 8 ga Janairu

Ramla,

Muna nan da rai. Sanyi ya kama mini ƙugu, yara lafiya. Na gode da littafin, ya iso ta hannun direba.

Eh, na yi fushi. Na karanta layin nan na ajiye wayar a cikin kwano na rufe da faifai. Na ce yarinyar da na goya ce take gaya mini ba ni da mai nema a duniya. Ina zaune tsakanin bango huɗu, ba kwalli, ba turare, ba kasuwa, in na ji motsin mutane a waje sai in tsaya bayan ƙyaure ina saurare kamar ɓarauniya a gidana, sai ga takardarki ta zo ta faɗa mini abin da nake tsoro tun farko.

Amma tunda kin ba da haƙuri, bari ni ma in faɗi gaskiya. Kunyar da na gaya miki gaskiya ce, sai dai ba ita kaɗai ba ce. Man nan a wurin kakata na koye shi, a Bader Gula, tun ban kai Hamdiya ba. Ita ta nuna mini sau nawa ake sauya ruwa kafin ɗacin ya fita, da yadda ƙamshi ke gaya maka a sauke daga wuta. Malam, Allah ya jiƙansa, bai taɓa fasa ƙwallon aduwa ɗaya ba. Ya iya magana, ya iya mutane, ya iya hanya, kuma bai taɓa cutata ba. Ranar da ya kawo takardun kwalba daga Maraɗi da sunansa a kai, na yi murna tare da shi, don sunan wa za a sa in ba na mai gida ba? Shekara goma sha biyu ke nan. Da kika ce za a buɗe shafi, sai wani abu ya motsa a raina, na ce ko sau ɗaya a ga nawa. Na ɓoye wannan a bayan kunya, don ita kunya ba a yi wa mutum dariya a kanta.

Shekaranjiya Baba Abdulganiyu ya zo, ya tsaya a zaure, ni ina daga ciki. Ya ce za a zauna ranar Lahadi ta farko bayan na fita. Ya tambayi bido nawa suka fita tun rasuwar. Na ce rabin ɗaya, maƙwabta ne suka saya. Ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Matar Yazidu har ta fara share ɗakin da yaran za su kwana. Hamdiya ta ji, ta zo ta tambaye ni ko a Bader Gula akwai wurin kajinta, don ita ba ta san ba tare za mu tafi ba.

Matan Kornaka sun aiko cewa sabuwar aduwa ta zuba, in zan saya. Ban ba su amsa ba.

Ki sa abin da ke jikin kwalbar.

Hafsatu

*

Yamai, 10 ga Janairu

Inna,

Na gaishe ki. Na karanta takardarki sau biyu, ban da abin cewa sai na gode da kika gaya mini.

Na buɗe sabon shafi da sunan da ke kwalba, harafi da harafi yadda yake, da hoton tsohuwar kwalbar abokiyata. Taswira ma na canza. Sunan ba shi da abokin takara, yau da safe na buga, shi ne na biyu, cigiyar zauren Fesbuk ce kawai a gabansa. Na koma zauren na sa musu sabon shafin, na roƙi waɗanda suka taɓa saye su rubuta shaidarsu.

Na so in ƙara layi ɗaya a ƙasa, cewa ya rasu kuma ke ce mai yin man tun asali. Na rubuta na goge. Sati uku ya rage, ina tsoron su karanta su juya tun ba su kira ba. In kin ce in sa, zan sa. Ki riƙa barin wayar da caji.

Ramla

*

Dakoro, 6 ga Fabrairu

Ɗiyata Ramla,

Gaisuwa mai tarin yawa. Muna lafiya ƙalau. Na fita takaba ranar Talatar makon jiya, na yi wanka na sa kwalli, na taka har bakin kasuwa. Ƙafafuna sun yi ciwo kamar na je Kornaka a ƙasa.

Aikinki ya ci. Kwana huɗu da canzawar wayar ta fara ƙara, ba ta daina ba. Bido huɗu sun tafi, na aika wa matan Kornaka su kawo aduwa. Babbar ta karanta mini shaidun da aka rubuta, mutum goma sha shida. Wani ya ce hannun mutumin nan akwai albarka. Wata ta ce ta gwada na wurare da yawa, ba wanda ya san sirrin aduwa kamarsa.

Ban ce ki sa layin nan ba, kin gani. Saboda haka duk wanda ya kira, shi yake tambaya. Sai in ce ya rasu, su yi salati, su yi mini ta'aziyya, in amsa, sannan mu zo kan lita nawa. Ranar Asabar sau tara na faɗi rasuwarsa. Na ɗauka in na fita takaba an gama karɓar gaisuwa.

An zauna ranar Lahadi a zauren Baba Abdulganiyu. Ban yi wata doguwar magana ba, wayar ce ta yi, sau uku tana katse Yazidu. A na ukun tsohon ya ce a ba shi. Wani mai shago ne daga Agadas, ya yi ta yabon marigayi, tsohon yana saurare yana share ido da bakin rawani. Da ya ajiye sai ya ce:

"Ashe sunan ɗana bai mutu ba. Ta zamna, ita da ɗiyan, ta riƙa muna shi. Amma sunan ga kar a taɓa shi, muddin tana cikin gidan ga."

Yazidu ya ce ya ji ya yarda. Na yi godiya, kuma har zuciyata na yi ta, don da muka dawo Hamdiya na bacci a kan cinyata, babbar tana haddar darasinta a tsakar gida, ba wanda ya ɗaure kaya.

Washegari wata tsohuwa ta kira daga Tawa, ta ce shekara takwas tana sayen man nan. Da na gaya mata ya rasu, sai ta ce:

"To mai ya ƙare ke nan. Wa ke da hannu irin nashi?"

Ramla, hannun yana riƙe da wayar. Duk kaushin ƙwallon aduwa ne a jikinsa. Na buɗe baki zan faɗa, sai na tuna waɗanda suka ce ba sa sayen na kwaikwayo, na tuna ɗakin da matar Yazidu ta share. Na ce mata kada ta damu, kafin ya rasu ya koya mini yadda ake yi. Ta ce Allah ya jiƙan mutumin kirki, ta sa a kai mata lita biyar.

Direban tasha ya ce dole a rubuta sunan kaya a jikin kwali, babbar kuma tana lakwal. Na ɗauki alƙalami na rubuta da kaina, a kwali goma sha ɗaya. Na'Allah. Ga shi na sake rubutawa, hannuna bai karye ba, kuma babu mai ba ni tunkiya.

Abu ɗaya nake roƙo. Shafin farko, wancan mai turmi, kada ki goge shi. Babbar ta koya mini inda ake bugawa. In na gama tacewa da la'asar nakan buga sunana da Dakoro, sai ya fito a sama, shi kaɗai, ba kowa a gabansa. In kin duba wurin da kike ganin masu shiga kika ga mutum ɗaya daga Dakoro, kada ki yi murna ki ce kasuwa ta buɗe. Ni ce.

Innarki,
Hafsatu